Garejin da ya tada min Kombi a Katsina

Jama'a duk mai tsohuwar Volkswagen Kombi ya nemi dattijon bakaniken nan na wajen Ƙofar Ƙaura, wallahi ya san aikinsa. Tawa gado ce, ta fi shekara 10 a zaure kaji na ƙwai a ciki, yaran gareji biyu na kaiwa suna ta neman lagireto mai sanyaya inji da ruwa, alhali ba ta da shi, mota ce da iska ke sanyaya injinta a baya!

Baba kuwa yana ganin gilashin gaba rabe biyu ya ce ai wannan in ƙirar Jamus ce ba ta wuce 1967 ba, ya leƙa batir ya ga volt 6 ya ce to ta ma girmi haka, sai a 1967 suka koma 12. Ya sa fanbel sabo, ya wanke kafireto da fetur a kwanon silba, bawul ma sai da inji ya huce ya saita. Ya ja kunnena: "Ɗana, fanbel na tsinkewa ka tsaya, in ba haka ba inji ya ƙone."

Matsalarsa alƙawari, kwana 3 ya koma sati 3, kuɗi dai da sauƙi. Jiya na je Daura na dawo lafiya lau.