Sharhi kan shirin horar da ma'aikata game da motsin rai da ɓoyayyun aƙidu

A 'yan shekarun nan an samu yawaitar kamfanonin da ke sayar wa ma'aikatu wani nau'in horo wanda ba ya koyar da sana'a ko sarrafa na'ura, sai dai ya yi alkawarin gyara zaman da ke tsakanin ma'aikata ta hanyar tono abin da ke kwance a zukatansu. Ma'aikatarmu ta ɗauko ɗaya daga cikinsu bayan an lura cewa mutane suna ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage kuma ba sa buɗe baki a wurin taro, kuma ina cikin waɗanda suka halarci shirin daga farko har ƙarshe. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin tsarinsa bai bambanta da na takwarorinsa sosai ba, kuma abin da zan faɗa zai amfani duk wanda ake yi wa tallar irin wannan hidima. A ganina shirin ya yi rawar gani a duk inda ya tara mutane ya sa suka furta dokokin da suke bi ba tare da an rubuta su ba, amma ya yi rauni ƙwarai a inda ya koma yana ɗora wa kowane mutum nauyin gyara kansa shi kaɗai.

An fara ne da takardar tambayoyi ta intanet wadda ake cikewa ba tare da sa suna ba. Yawancin tambayoyin irin waɗanda aka saba gani ne, amma akwai guda ɗaya da ta yi mini daidai, inda aka nemi mutum ya faɗi yanayin da yake shiga idan ya ga kiran shugabansa a waya tun kafin ya ɗauka. Bayan haka sai aka shiga zaman rukuni na mako-mako, wanda wata malama mai natsuwa da ƙarancin magana ta jagoranta, kuma a nan ne ainihin darajar shirin take.

Tubalin da ta gina aikinta a kai shi ne bayanin Edgar Schein, wanda ya yi koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, kuma ya nuna tun a shekarun 1980 cewa al'adar kowace ƙungiya hawa uku ce. Akwai abin da ido ke gani, kamar tsarin ofis da yadda ake gudanar da taro. Akwai abin da ƙungiya ke faɗa da bakinta cewa ta yi imani da shi, irin kalaman da ake maƙalawa a bango. Sannan a can ƙasa akwai zato da aƙidun da kowa ya ɗauka tabbas ne har ya daina ganinsu, alhali su ne ke juya komai. Malamar ba ta tsaya dogon sharhi ba. Ta raba mana ƙananan katuna, ta ce kowa ya ƙarasa wannan jimla ba tare da ya rubuta sunansa ba: "A wannan ma'aikata, idan mutum ya yi kaza, to abin da zai same shi shi ne kaza." Ta tattara katunan, ta gauraya su, ta riƙa karantawa ɗaya bayan ɗaya da murya guda, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Kati na farko da na biyu sun ba da dariya. Daga nan sai ta karanta wanda ya ce duk wanda ya kawo mugun labari shi ake mayarwa mai laifi, ta ajiye, ta ɗauko wani, sai ga kusan maganar nan da wasu kalmomi, ta sake ɗauko wani, shi ma haka. Ɗakin ya yi tsit. Shugaban sashenmu, wanda ke zaune a cikinmu kamar kowa, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya gyara zama zai yi magana. Malamar ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Yallaɓai, a yi mini haƙuri kaɗan. Ba a ce kai ka kafa wannan doka ba. Ina so mu fara gano abin da mutanen nan suka gani da idonsu har ya koya musu ita." Bayan shiru mai tsawo, wata tsohuwar ma'aikaciya ta tuna mana cewa shekaru da suka wuce wani abokin aiki ya gano kuskure a lissafi ya kai rahoto, aka ci masa mutunci a gaban kowa. Shi ya daɗe da barin aikin, shugaban da ya yi masa haka shi ma ya tafi, fiye da rabin waɗanda ke ɗakin ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma duk sun gaji tsoron kuma suna aiki da shi kullum.

Wannan zama shi kaɗai ya isa ya sa in yaba wa shirin, kuma abin da muka gani a cikinsa yana da goyon bayan bincike mai ƙarfi. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazari a asibitoci a tsakiyar shekarun 1990, inda ta tarar da abin da ba ta zata ba: sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci da fahimtar juna su ne aka fi samun rahoton kurakuran ba da magani a cikinsu. Da aka zurfafa sai ya bayyana cewa abin da ya bambanta su shi ne ma'aikatansu ba sa tsoron faɗin kuskure, yayin da sauran sassan ke rufewa. A 1999 ta buga binciken da ya shahara kan wannan yanayi na samun sukunin magana ba tare da fargabar wulaƙanci ba, kuma lokacin da kamfanin Google ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa kimanin 180 a 2012, wannan yanayi ne ya fito a sahun gaba cikin abubuwan da ke sa rukuni ya yi nasara. Tun kafin nan ma, a farkon shekarun 1950, masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna cewa idan mutane suka haɗa baki suka ba da amsar da ido ke gani ba daidai ba ce game da tsawon layi, kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya. Saboda haka shirun da ake gani a taro ba lallai ne ya zama yarda ba, sau da yawa kowa na kallon fuskar kowa ne.

Zaman da ya biyo baya ya koma kan yadda yanayin zuciyar mutum ɗaya ke yaɗuwa zuwa ga sauran. Malamar ta kawo gwajin da wata mai bincike, Sigal Barsade, ta buga a 2002, inda aka saka ɗan wasan kwaikwayo cikin rukunin ɗalibai masu tattauna rabon kuɗi, wani lokaci ya zo da fara'a, wani lokaci da ɗacin rai, sai aka ga yanayinsa ya kama sauran, kuma rukunonin da fara'a ta kama sun fi haɗin kai da ƙarancin saɓani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninta cewa danne abin da ke cin mutum ba ya hana shi yaɗuwa. Binciken da James Gross na jami'ar Stanford ya yi tare da abokan aikinsa a 2003 ya nuna cewa idan aka umarci mace ta ɓoye damuwarta yayin hira da wata, jinin abokiyar hirar ma yakan hau, kuma kusancin da ke tsakaninsu yakan ragu. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin shugaban da ke murmushi alhali ransa a ɓace yake ya san nauyin da hakan ke saukar wa kowa a ofis.

Sai dai a wannan sashe ne na fara ganin sakaci. Wani mataimakin malamar ya ba mu labarin birai biyar da aka ce an kulle su da tsani da ayaba, ana watsa musu ruwan sanyi duk lokacin da ɗaya ya hau, har aka canza su duka amma sababbin suka ci gaba da dukan mai hawa. Ya gabatar da shi a matsayin gwajin kimiyya, alhali babu wani binciken da aka buga mai wannan siffa. Tatsuniya ce da ke yawo a tarukan horarwa. Haka kuma ya maimaita cewa kashi 95 cikin 100 na abin da mutum ke yi daga ɓoyayyen tunani yake fitowa, kamar wani ya ɗora a sikeli ya auna. Gaskiya ne cewa ƙwaƙwalwa tana gudanar da ayyuka masu yawa ba tare da mutum ya ankara ba, amma wannan adadi na talla ne. Abin ya dame ni matuƙa, domin shirin da ke neman mutane su binciki abin da suka yarda da shi ba tare da hujja ba bai kamata ya riƙa ɗura musu sababbin zantuka marasa hujja ba, ballantana ga shi labarin da ya fito daga bakin abokiyar aikinmu ya riga ya isar da wannan darasi da gaskiyarsa.

Ganawar mutum ɗaya-ɗaya da mai ba da shawara tana da amfani daidai gwargwado. An ba mu takarda mai gida uku: abin da ya faru, abin da na faɗa wa kaina, da abin da na ji. Wannan hanya ta samo asali ne daga aikin Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a jami'ar Pennsylvania, wanda ya lura a shekarun 1960 cewa tsakanin abin da ya faru da ɓacin ran da ke biyo baya akwai wata jimla mai saurin gilmawa wadda mutum ba ya ma jin ya faɗe ta. Misali, ka aika saƙo ga shugabanka, ka ga alamar ya karanta, bai amsa ba, sai ka kwana da ƙunci. Idan ka zauna ka cike gidan tsakiya za ka tarar ka riga ka yanke hukunci cewa aikinka bai gamsar ba, kuma a ƙarƙashin wannan akwai tsohuwar aƙida cewa darajarka tana rataye ne da yardar na sama da kai. Ni kaina na ci gaba da amfani da takardar, kuma tana rage mini zafin abu kafin ya yi nisa. Ko kiran abin da ake ji da sunansa yana taimakawa, kamar yadda binciken hoton ƙwaƙwalwa da Matthew Lieberman ya jagoranta a 2007 ya nuna cewa yin hakan yana rage motsin sashen ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da tsoro.

Matsalar ita ce inda aka kai wannan kayan aiki. Wata abokiyar aikinmu da ke riƙe da aikin mutum biyu tun bayan tafiyar wanda suke tare ta gaya mini cewa da ta koka da gajiya, sai aka ce ta bincika ko tana da aƙidar cewa dole ne ta gamsar da kowa. Mai yiwuwa tana da ita, amma ko ta rabu da ita gobe, aikin mutum biyu yana nan a kan teburinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya mai cin rai a matsayin abin da ke faruwa sakamakon matsin wurin aiki mai ɗorewa wanda ba a shawo kansa ba, wato ta danganta shi da aikin. Kuma a 2024 William Fleming na jami'ar Oxford ya buga nazari kan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, inda ya tarar cewa waɗanda suka shiga shirye-shiryen da ke nufin gyara mutum shi kaɗai, irin su horon juriya da manhajojin kwantar da hankali, ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Idan aka ce wa wanda aka yi wa lodin aiki ya gyara tunaninsa, an ƙara masa aiki ne na uku, kuma an koya masa cewa wahalarsa laifinsa ce. Wannan ita kanta sabuwar ɓoyayyiyar aƙida ce, kuma ta fi wadda aka zo cirewa cutarwa.

Akwai kuma batun sirri. An tabbatar mana cewa ba a sa suna a takardar tambayoyi, amma da aka kawo sakamakon an rarraba shi sashe-sashe, kuma a sashen da bai wuce mutum kaɗan ba, gane mai magana ba ya buƙatar wani ƙoƙari. Babu wanda aka hukunta, amma na ga yadda wasu suka ja baya a zaman da ya biyo. Ya kamata kamfanin da sana'arsa ita ce gina amana ya hango wannan tun farko, ya haɗe ƙananan sassa wuri ɗaya kafin ya fitar da rahoto.

Canjin da ya tabbata a wurinmu bai fito daga takardun da muka cike ba, ya fito ne daga shugaban sashen. Bayan zaman katunan ya mayar da buɗe taron mako da tambayar abin da ya lalace ko yake shirin lalacewa, kuma karon farko da wani matashi ya ce an aika wa abokin hulɗa takardar da ba ita ba ce, kowa ya zuba wa shugaban ido. Ya yi masa godiya, ya tambayi yadda za a gyara, aka wuce. Daga ranar ne mutane suka fara magana, domin tsohuwar dokar da gani aka koye ta, sai da gani kuma ta fara warwarewa. Saboda haka ina ba da shawarar wannan hidima ga ƙungiyar da shugabanta zai zauna a kowane zama, ya ji abin da ba ya so ba tare da ya nemi sanin wanda ya faɗa ba, kuma yake da ikon canza rabon aiki idan koken ya nuna can. Inda shugaba zai turo ma'aikata ya koma ofishinsa, gara a bar kuɗin, domin tono damuwar mutane a bar ta a fili ba tare da an yi komai a kai ba yana ƙara musu yanke ƙauna.

Kafin a sa hannu a yarjejeniya, a nemi sanin wanda zai ga amsoshin tambayoyi da kuma yadda za a rarraba su, a tambayi irin karatun da masu ganawar ɗaya-ɗaya suka yi da inda suke tura wanda damuwarsa ta kai ta ganin likita. A kuma dage a rubuta cewa malamin zai dawo bayan wasu watanni ya sake raba katunan nan, domin namu kamfanin bai dawo ba, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin ko jimlolin da mutane ke rubutawa sun canza.