Biyolin Uku, Wanne Za A Saya?

'Yar ƙanwata ce ta turo mini hotuna uku ta waya, ta ce, "Kawu, wanne zan ɗauka a cikin waɗannan?" Biyolin ne guda uku, wato gogen Turawa, kowanne sai ɗaukar ido yake yi. Na farko arahar sa har ta ba ni tsoro, ga akwati ga izga ga ƙaro duk a kuɗi ɗaya. Na biyu ya ninka shi kusan sau uku. Na uku tsoho ne, mai shi ya ce in an leƙa cikinsa akwai takarda mai sunan Stradivarius. Na ce mata ta dakata, kada ta tura wa kowa ko sisi tukuna, domin abin da zai raba gardamar nan ba ya fitowa a hoto.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai goge ya riga ya san rabin zancen. Gogenmu ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, da tsagiya ɗaya ta gashin jelar doki, da ɗan jaki mai ɗage ta, sai izga da ake shafa wa ƙaro don ta kama. Biyolin ma yana da jaki, yana da izga ta gashin doki, kuma ba ya kuka sai da ƙaro. Inda suka rabu shi ne jikinsa duka katako ne, tsirkiyarsa huɗu ce, G da D da A da E, kuma a kafaɗa ake ɗora shi a tokare da haɓa. Muryarsa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ko kiɗan Sudan, inda suke ce masa kamanja, ya sha jin ta ko da bai san sunan abin ba.

A fara da girma, don shi ne mai sauƙin yankewa. Babban mutum, da mafi yawan yaran da suka kai shekara 12, cikakke suke riƙewa, wanda ake rubutawa 4/4, tsawon gangar jikinsa kusan santimita 35 da rabi. Ƙasa da shi akwai 3/4 da 1/2 da 1/4, har zuwa 1/16 na 'yan ƙananan yara. Gwajin ba wuya: yaro ya ɗora shi a kafaɗa, ya miƙa hannun hagu. In tafin hannunsa ya rufe kan biyolin mai naɗi da ke ƙarshen wuya ba tare da gwiwar hannu ta sanƙare ba, ya yi masa. Kada a yi masa sayen rigar sallah, a ce ai zai girma ya cika ta. Biyolin da ya fi ƙarfin yaro wuya da kafaɗa yake sa wa ciwo, kuma yaron da ke jin ciwo ba ya komawa ga abin.

To, mai araha. Malaman kiɗa a Ingila da Amurka suna da sunan da suke kiran irinsa: abu mai siffar biyolin. Da irinsa na fara, shi ya sa nake magana da zafi a kai. Na saye shi a wani shagon kayan kiɗa, na yi wata biyu ina fama. In na ɗaure tsirkiya, kafin in ɗauki izga turken da ake murɗa ta da shi ya sulluɓe. Yatsuna sai su yi baƙi bayan kowane gwaji, ashe allon da yatsu ke takawa farin katako ne aka shafa wa fenti. Ranar da na kai wa malamina, bai ko kaɗa shi ba. Rula ya ɗauko, ya auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarshen allon, ya juyo mini da ita in gani. Ta kusa ninka yadda ya kamata. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba hannunka ne ya gaza ba. Ni ma da na shekara ina wannan abu, ba zan iya fitar da murya mai kyau a nan ba." Ban manta da sauƙin da na ji a raina ba, domin na riga na fara yarda cewa ba ni da baiwar.

Wannan ita ce asarar da mai araha ke jawowa, kuma ta fi ta kuɗi. Ɗan koyo bai san yadda mai kyau yake ba, saboda haka duk laifin kayan kansa yake ɗora wa.

Kada kuma a ce laifin ƙasar Sin ne. Garin Huangqiao da ke lardin Jiangsu yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ƙera biyolin a duniya, kuma daga ƙasar ake fito da na banza da na kirki duka. Abin dubawa shi ne da me aka yi shi, da kuma ko wani mai sani ya zauna ya daidaita shi bayan ya bar masana'anta.

Katakon dai sananne ne, kusan shekara ɗari biyar ba a sauya shi ba tun zamanin Andrea Amati a Cremona ta Italiya. Fuska icen sifurus ne, ice mara nauyi na ƙasashen sanyi. Baya da gefe da wuya icen mefil ne. Allon yatsu kuwa baƙin ice ne mai tauri ƙwarai, dangin kanyarmu. Na araha yawanci filawud ne aka matse a injin. Kana iya ganewa da idonka: duba bakin ɗaya daga cikin tsagogin nan biyu na fuska masu kama da harafin f. In katako ɗaya ne aka sassaƙa, za ka ga layukan icen sun gangara ta kaurinsa. In filawud ne, sai ka ga hawa-hawa kamar an jera takardu. Allon yatsu kuma, murza shi da farin ƙyalle mai ɗan danshi, ko ka leƙa ƙarƙashinsa inda mai fenti ba ya kaiwa.

Sai daidaitawa, wadda a wurina ta fi sunan kamfani muhimmanci. Jakin biyolin ba a manne shi ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi. Dole ƙafafunsa biyu su zauna daram a kan fuska, babu inda haske ke ratsawa, kuma ya tsaya daidai tsakanin ƙananan yankan da ke tsakiyar tsagogin nan biyu. Bayansa a lanƙwashe yake don izga ta iya taɓa tsirkiya ɗaya ba ta goge ta kusa ba. A ƙarshen allo, tazarar tsirkiyar E kusan milimita 3 da rabi ce, ta G kusan 5 da rabi. A can sama wajen wuya kuwa, kaurin katin waya ma ya yi yawa. Ka je da rula, ba abin kunya ba ne.

A cikin cikinsa akwai wani ɗan ginshiƙi siriri, bai kai kaurin fensir ba, yana tsaye tsakanin fuska da baya, dab da ƙafar jaki ta wajen E. Shi ma ba a manne shi ba. Italiyawa da Faransawa rai suke kiransa, kuma sun yi gaskiya, domin shi ke kai rawar tsirkiya zuwa bayan katakon. Haska fitilar waya ka tabbata yana tsaye. In ka girgiza biyolin ka ji wani abu yana gangarawa a ciki, ya faɗi ke nan, kuma ɗaure tsirkiya a haka yana iya tsaga fuskar. Turaku huɗun nan na wuya kuma su juya lami lafiya, su tsaya inda aka bar su. Ga ɗan koyo, a nemi mai ƙananan sukurori huɗu a gindi, waɗanda ake ƙarasa saita murya da su.

Na biyu a hotunan nan irin wanda ake yi wa ɗalibai ne, kuma shi nake ba kusan kowa shawara. A wannan aji akwai Stentor Student II na wani kamfanin Ingila, mai sassaƙaƙƙen katako da allon baƙin ice na gaske. Akwai Yamaha V5, akwai na Eastman da ake yi a Beijin, akwai na Gliga daga garin Reghin na Romaniya.  Ba za su sa kowa kuka da daɗin murya ba, amma suna riƙe saiti, ba sa wahalar da yatsu, kuma suna kai mutum shekara uku ko huɗu kafin kunnensa ya nemi wanda ya fi. In ka tashi sayarwa ma akwai mai saye. Sai dai suna kawai ba ya wadatarwa. Na ga mai suna mai kyau da aka fito da shi daga kwali aka rataye a shago, jakinsa ɗanye yadda ya zo. Tambayi mai shago kai tsaye: wa ya daidaita shi? In ya tsaya yana kallonka, ka san da sauran aiki, ka cire kuɗin aikin a cikin ciniki.

Tsohon nan mai takarda fa? Antonio Stradivari ya rasu a 1737, kuma kayan kiɗansa da suka rage a duniya kusan 650 ne, an san inda mafi yawansu suke. Ɗaya da ya ƙera a 1721 an sayar da shi a 2011 a kan kusan dala miliyan 16. Takardar da ke cikin na hoton nan ba shaida ba ce. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, masana'antun Markneukirchen a Jamus da Mirecourt a Faransa sun ƙera biyolin ba iyaka suna liƙa wannan suna, ma'ana an bi fasalinsa ne kawai. Wasu daga cikinsu suna da daɗin murya sosai, har sun fi sabon na ɗalibai. Amma tsoho da ciwonsa yake zuwa. Tsaga a fuska kusa da jaki, ko a baya daidai inda ginshiƙi yake, gyaranta yakan fi kuɗin biyolin ɗin. Wuyan da ya sunkuya ma haka. Mai gyaran biyolin kuwa ba kamar mai gyaran waya ba ne da za ka samu a kowace kwana. Ba na hana tsoho, amma sai in wanda ya iya ya riƙe shi a hannu ya kaɗa.

Na lantarki, irin Silent Violin na Yamaha, yana da amfani ga mai gudun damun maƙwabta, amma ba na son a fara da shi. Yana ɓoye kuskuren hannun dama, alhali can ne murya take. Ɗan robar da ake ɗorawa a kan jaki don rage ƙara ya isa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Izga ita ake rainawa, ita ce kuma rabin kiɗan. Manyan makaɗa izgar icen fernambuko na Barazil suke nema, wanda yanzu ya yi ƙaranci har an sa masa dokar kariya. Ɗan koyo a ƙasar zafi, ta zaren kabon ta fi masa: ba ta lanƙwashewa, ba ta damu da rani ko damina ba. Nauyinta kusan giram 60 ne. Ɗaga ta ka hango ta daga gindi zuwa baki kamar mai duba gorar mashi, in ta karkace ka ajiye. Sabuwar izga ba ta fitar da sauti sai an shafa mata ƙaro sosai, mutane da yawa sun zaci kayansu ne ya lalace saboda wannan. Kada yatsa ya taɓa gashin, maiƙon hannu yana kashe shi. In za a yi kiɗa a ɗaure ta har tazarar tsakiya ta kai kaurin fensir, in an gama a sassauta, kullum. Tsirkiyar da ke zuwa da sabon biyolin kuma sau da yawa waya ce kawai. Sauya ta da Prelude na D'Addario, mai jure wahala, ko Dominant na Thomastik mai taushin murya, shi ne gyara mafi araha da kunne zai ji nan take. A ajiye E guda ɗaya ta ko-ta-kwana, ita ce mai yawan tsinkewa.

Akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya maka da ƙarfi ba, wato hunturu. Biyolin yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano ko Zinder, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙasa da haka nesa. Katako sai ya tsuke, turaku su saki, haɗin gefe ya buɗe, wani lokaci fuska ta tsage. Abin da nake yi shi ne in jiƙa ɗan soso in matse shi sosai, in sa a robar sabulu da na huda wa ramuka, in ajiye a cikin akwatin inda ba zai taɓa katako ba, ina dubawa duk bayan kwana biyu. Da damina kuma turaku kumbura suke yi su cije, kada a murɗa da ƙarfi. Ba a barin sa a mota, ba a jingine shi inda rana ke bugawa, domin mannin da aka haɗa shi da shi zafi yana sassauta shi. Saboda haka akwati mai rufuwa da kyau yana cikin abin da za ka duba tun a shago.

Malami kuwa, a nemo shi kafin a sayi kayan, ba bayan an saya ba. Shi zai raka ka ciniki, wataƙila ma ya san ɗalibin da ke son sayar da nasa. A Legas akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan, ƙungiyar da aka kafa a 1983. A wasu garuruwan, sai a tambaya a coci-coci masu ƙungiyar makaɗa da sashen kiɗa na manyan makarantu. In babu kowa kusa, darasi ta bidiyo kai tsaye da malamin da ke ganin hannunka ya fi kallon YouTube kai kaɗai, domin allon biyolin ba shi da alamar inda yatsa zai sauka, kuma riƙon da aka koya a karkace yana da wuyar warwarewa.

Na biyun na ce mata ta ɗauka, da sharaɗin mai shagon ya aiko da hoton jaki daga gefe da rula a jikin tsirkiya. In kuma aiko shi za a yi a mota da jakin a kwance, kada ta tayar da kanta, ta kai wa malamarta ta fara duba ginshiƙin. Ta saukar da manhajar saita murya a waya, ta sa A a kan 440, wato lambar da aka saba saita wannan tsirkiya a kai. Na kuma gaya mata makonnin farko ba waƙa za ta yi ba. Minti 15 ko 20 kowace rana, a gaban madubi, tana jan izga daga gindi har baki a kan tsirkiya ɗaya ba tare da ta sa yatsa ba, tana kallon izgar kada ta kauce daga tsakanin jaki da allo.