Mono ko sitiriyo: yadda za a fitar da sautin jita mai fikof iri biyu

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce jitarsa tana da fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na maganaɗisu, ga kuma fiyezo (fikof mai jin matsi da girgizar tsirkiya) a gindin tsirkiyoyi, yana tambaya ko ya haɗe su a waya ɗaya ko ya raba.

A mono, fulogin milimita 6.35 kai da jiki kawai gare shi, sautukan biyu suna gauraya tun a cikin jita. Waya ɗaya, amfilifaya ɗaya. Amma fiyezo yana son mashiga mai turjiyar lantarki ta megohm 1 ko fiye, maɓallin ƙara na maganaɗisu kuwa kilo'ohm 250 ne ko 500, wato bai kai haka ba. In ka haɗa su kai tsaye, kaurin fiyezo ya tafi, sai ƙara kamar ta gwangwani. Dole a sa ƙaramin firi'amf (na'urar da ke gyara sigina kafin ta kai amfilifaya) mai batir na bolt 9 a tsakani.

A sitiriyo, jak ɗin (ramin da ake cusa fulogi) yana da kai, zobe da jiki. Aka saba sa maganaɗisu a kai, fiyezo a zobe, jiki ya zama ƙasa (layin "earth" na lantarki) ga duka biyun. Wayar Y, mai reshe biyu, ita ce ke raba su: maganaɗisu ya tafi amfilifayar jita, fiyezo ya bi akwatin DI (mai daidaita sigina ta dace da mikisa) zuwa mikisa. Masu ƙera jita na Rickenbacker sun daɗe suna wannan rabon da tsarinsu na Rick-O-Sound, sai dai su fikof na wuya da na gindi suke rabawa.

Nan ne ake yawan cin karo. Ka cusa fulogin mono a jak ɗin sitiriyo, jikin fulogin ya haɗe zobe da ƙasa, fiyezo ya yi tsit, mutum ya ɗauka ya ƙone. In jitar mai batir ce, galibi zoben ne ke kunna batir, don haka in za a ba fiyezo zoben, sai an nemi jak mai makunni na daban. Amfilifaya biyu kuma kan kawo gurnani na hertz 50. Maganinsa DI mai taransifoma, kada a kuskura a yanke ƙafar ƙasa ta fulogin wuta. In sautin ya sirance lokacin da duka biyun ke aiki, juya fes ɗin ɗaya, wato a musanya + da − na siginarsa.

Ga mai wasan biki da amfilifaya ɗaya, Malam, mono da firi'amf ya ishe ka. Mai ɗaukar sauti a situdiyo shi ne zai ci moriyar sitiriyo, tunda kowane fikof yana samun layinsa a mikisa.