Siron omega 3-6-9 na yara: jika 6 na biya, ga abin da ke cikin kwalbar

Salam ƴan uwa, musamman iyaye mata. Wanga siro na man kifi da ake ta yayi yanzu a Maraɗi, wanda anka rubuta ma omega 3-6-9 da hoton yaro yana murmushi riƙe da littafi, ni dai cikin biyar biyu na ba shi, kuma biyun ma albarkacin kwalbar da cokalin awo ne. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba ko farmasin da na saye shi, ba rigima nike nema ba, kuma ire-irenshi sun yi yawa a gari, kowane da sunanshi amma in ka juya bayan kwalba kusan labari guda ne.

Jika 6 na biya, kwalbar mililita 150. Yaron da ke bayan kanta mai fara'a ne ba laifi, yana miƙo mani ya ce "Hajiya wannan shi ne na basira, yaro in yana sha karatu zama yake a kai, ga buɗe ciki." Na ce malam DHA (wani nau'in omega 3 da ke cikin man kifi) nawa ne a cikin cokali guda? Ya juya kwalbar ya sake juyawa ya ce "Hajiya ai duk omega ne, har kala uku ma anka haɗa maki." To ba laifinshi ba ne, abin da anka faɗa mashi ke nan.

Abin yabo dai akwai. Kwalbar gilas ce mai duhu, wanda haka ya kamata don haske na lalata mai, murfin yaro bai iya buɗe shi, ga cokali mai layi a ciki, ranar ƙarewar aiki a rubuce ɓaro-ɓaro ba irin wadda ake kankarewa ba. Ɗanɗanon lemu ne, ƙaramata mai shekara uku da farko har kuka take a ƙara mata. Dalili kuwa a bayan kwalbar yake, jerin kayan haɗi ana fara shi ne da abin da ya fi yawa, a nan ruwa ne da sukari a gaba, sai man sunfulawa, man kifin can ƙasa-ƙasa. Kuma da na sa ido kan ƙananan rubutun nan da sai ka matso da fitila, EPA da DHA, wato omega 3 guda biyun da ke cikin man kifi, a haɗe miligiram 30 ne a cokali na mililita 5. Ku riƙe wannan lissafin za mu dawo kanshi.

Ni SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, nike koyarwa a kolej shi ya sa abin ya tsaya mani. Man da muke ci ba iri guda ba ne, kuma akwai guda biyu da jikin mutum bai iya ƙera su da kanshi dole sai daga abinci, ɗaya daga gidan omega 6 (shi ake ce ma LA) ɗaya daga gidan omega 3 (ALA). Shi omega 9 da sunka lissafa a matsayin na uku jiki na yin abinshi, kuma man gyaɗa cike yake da shi, kenan an saida maki abin da ke cikin kicin ɗinki. Omega 6 ma haka, mu da ke ƙasar gyaɗa da riɗi, ga ƙuli-ƙuli ga tunkuza ga kantu ga kunun gyaɗa, yaron da ke samun waɗannan ba omega 6 ne matsalarshi ba. Inda muke da giɓi shi ne omega 3, musamman DHA, wanda ke shiga ginin ƙwaƙwalwa da kuma bayan ido wurin da ke karɓar haske, tun daga watannin ƙarshe na ciki har shekaru biyun farko lokacin da kan yaro ke girma da sauri. Man gyaɗa da man riɗi kusan babu omega 3 a cikinsu sam, man bido na kasuwa kuma mafi yawa na kwakwar manja ne da anka tace, an ƙara mashi bitamin A, wannan alheri ne, amma shi ma babu omega 3 na kirki.

Wani zai ce to ai jiki na iya maida ALA na tsiro ya koma DHA. E yana yi amma kaɗan ƙwarai, kuma ga inda abin ya fi ba ni haushi da wanga siro: omega 6 da omega 3 hanya guda suke bi a jiki kafin a sarrafa su, kamar injin niƙa guda a unguwa, in mai buhu goma ta riga ki layi ke mai tiya guda sai ki yini. To yaron da abincinshi ya riga ya cika da omega 6 sai kuma ki ƙara mashi man sunfulawa a cokali, mi kika yi kenan?

Kuma wannan ba zancen baki ba ne, abu ne da ake aunawa a jini. Ba irin awon palu ko na ƙarancin jini da munka saba ba, wani ne daban da masu bincike ke yi, su ɗauki ɗigon jini su duba wane irin mai ne ke cikin fatar jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar jini ja tana yin kamar kwana 120 kafin a canza ta, don haka abin da za a gani ba abincin jiya ba ne, na makonni ne da watanni. Yaron da ke cin kifi akai-akai za a tarar DHA ɗinshi ya hau, wanda bai ci za a tarar ya yi ƙasa, wanda kuma mai gaba ɗaya ya yi ma ƙaranci, kullum kunu tsararo da hura ba nono, jikinshi sai ya fara ƙera wani mai na maye gurbi da ake kira Mead, in anka ga ya yi yawa a jini an san akwai rashi, a waje kuma fata ta bushe tana saɓa, girma ya tsaya. Haka yaron biskit da alawa da jus na leda, sukarin da ya wuce kima hanta na maida shi kitse kuma shi ma yana fitowa a awon. Jariri mai shan mama kuwa nashi DHA daga nonon uwa yake zuwa, yawanshi a nonon kuma ya danganta da abin da uwar ke ci, shi ya sa nike jin takaici in naga an kawo kifi gida an zuba ma maigida tsoka mai jego ta tashi da romo.

Mu mutanen Maraɗi ma ai mun san zancen gyaɗa da tamowa fiye da kowa, tun 2005 da anka yi ta raba Plumpy'Nut a nan, ɗan sashe na giram 92 mai kalori 500, ya ceci yara ba adadi, wannan ba mai musu. To ko shi masana sun dawo sun sake duba man da ke ciki, a Malawi an gwada wanda anka rage ma omega 6 anka ƙara DHA, yaran da sunka ci shi sun fi nuna ci gaban ƙwaƙwalwa watanni shida bayan sun warke, an buga sakamakon a 2022. Ku lura rage omega 6 anka yi, ba ƙarawa ba. Kuma waɗannan yara ne masu tamowa mai tsanani, ga yaro lafiyayye mai cin abinci gwaje-gwajen da anka yi kan man kifi da basira ba su yi baki guda ba, don haka hoton yaro da littafi talla ce kawai.

Yanzu lissafi. Hukumar abinci da noma ta duniya FAO da ta lafiya OMS a rahotonsu na 2010 sun ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 na buƙatar EPA da DHA miligiram 100 zuwa 150 a rana, ɗan 4 zuwa 6 kuma 150 zuwa 200, ɗan 6 zuwa 10 har 250. Siron nan cokali guda 30, takardar ta ce cokali guda a rana, ko sulusin na ƙaramar bai kai ba. Kwalbar duka cokali 30 ce, kenan miligiram 900 a jika 6. Gwangwanin sardin guda na giram 125, irin na Maroko da ke kowane butik, in kin tsiyaye man abin da ya rage na ɗauke da EPA da DHA kusan giram guda, wato kusan daidai da kwalbar baki ɗaya, a kuɗin da bai kai jika guda ba, ga furotin ga ƙashin nan mai laushi da ke ba da kalsiyom. Wallahi da na gama lissafin nan dariya na yi ni kaɗai.

Sai matsalar zafi. Man kifi bai son zafi da iska, an rubuta a sa a firigo bayan an buɗe, to a watan Afrilu a Maraɗi da wuta ke zuwa tana tafiya firigon ma kanshi gumi yake. Kafin kwalbar ta kai rabi ƙamshin lemun ya gudu ƙarni ya taso, bakin kwalbar ya yi danƙo rawaya, yarinyar da ke kukan a ƙara tana hango cokali sai ta toshe baki da hannu biyu ta ɓuya bayan Inna. Inna ta sunsuna ta ce "ke ɗiyar nan, wannan ko mage aka ba sai ta yi tunani." Man da ya kai haka ya lalace, zubarwa na yi.

Abin da nike yi a gida ba wani abin a zo a gani ba ne. Sardin guda in murmushe shi cikin shinkafa da wake ko dambun zogale ko miyar kuka, yara uku su samu, amma a rage gishiri da magi don shi ma da nashi gishirin, kuma gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa kar a kusance shi ko kyauta ne. Kifin ƙanƙara na teku irin shinshar da makaro shi ma yana da shi sosai in kin samu mai firigo na amana, ki duba ido da ƙamshi kafin ki biya. Namu na tabki irin na Madarunfa, tarwaɗa da karfasa, omega 3 ɗinsu bai kai na teku ba amma sun fi babu nesa ba kusa ba, busasshe ma a daka a tankaɗe a riƙa barbaɗa cokali a kunun yaron da ya wuce wata shida, a dai tsince ƙaya da kyau. Ƙwai in damina ta yi na zabo ya yi araha. Awara ma waken soya na da ALA, sai dai ta bakin titi da ake soyawa a man da ya yi baƙi ya kwana uku a kasko ni ba na ba ƙanana, gara in sayi ɗanya in soya da kaina. OMS na cewa yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla rukuni 5 cikin 8 na abinci a rana, nonon uwa na ciki, hatsi na ciki, to mu yawanci a biyun nan muke tsayawa sai ɗan wake.

Wa zan ce ya sayi irin wanga siro? Wanda ɗanshi ko ƙamshin kifi bai so an yi an yi ya ƙi, shi ma ya fara ganin likita, kuma ya nemi wanda anka rubuta DHA ƙarara da adadinshi a cokali, ba mai 3-6-9 ba. A kula kuma da man hantar kifi, shi daban ne, yana da bitamin A da D masu yawa, yaranmu kuma ana ɗiga masu bitamin A duk wata shida daga wata 6 zuwa 59, shuɗin kwanso ga ƙanana ja ga manya, bitamin A kuwa taruwa yake a hanta in ya yi yawa yana cutarwa, don haka kar a haɗa ba tare da an tambayi ma'aikacin lafiya ba. Ƙaramar kwalba ta fi in dole sai an saya, wadda za ta ƙare kafin zafi ya gama da ita.