Sharhi: The Lord of the Rings a Muryar Andy Serkis

Littafin sauti na The Lord of the Rings da kamfanin HarperCollins ya fitar a watan Satumba na 2021, wanda Andy Serkis ya karanta, ya haura awa 60 idan aka haɗa kashi ukun. Na saurare shi daga farko har ƙarshe ban tsallake babi ko ɗaya ba, kuma a ganina ya cancanci duk lokacin da ya ci. Sai dai ba kowa ne zai jure masa ba, don haka gara in faɗi abin da ke ciki tun kafin wani ya saya ya zauna jiran a zare takobi a awa ta farko.

Marubucin, J.R.R. Tolkien, farfesa ne na tsohon Turanci a Jami'ar Oxford. An haife shi a Bloemfontein da ke Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a 1973. Ya soma wannan labari a 1937, shekarar da The Hobbit ya fito, bai kai ƙarshensa ba sai 1949. Shi a wurinsa littafi guda ne. Tsadar takarda bayan yaƙin duniya na biyu na cikin abin da ya sa masu ɗab'i suka kasa shi uku, biyu suka fito a 1954, na ƙarshe a 1955. Labarin kuwa na wani zobe ne da azzalumi Sauron ya ƙera ya zuba ƙarfinsa a ciki. Zoben ya kuɓuce masa shekaru aru-aru, sai ga shi a hannun Frodo, ɗan ƙabilar Hobbit, wasu mutane gajeru waɗanda ba ruwansu da yaƙi, noma da zaman lafiya kawai suka sani. Babu wutar da ke narkar da zoben sai ta dutsen da aka ƙera shi a ciki, dutsen kuma yana tsakiyar Mordor, ƙasar Sauron ɗin kansa. Can Frodo ya nufa da zoben tare da ayarin abokan tafiya.

Abin da ya ja ni ga sauraro maimakon in sake ɗaukar littafin shi ne, labaran jarumai da kunne aka san su kafin a san su da ido. Waƙoƙin Homer na Girka rera su ake yi a gaban jama'a. Tarihin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, a bakin mawaƙan tarihi ya rayu. Shi kansa Tolkien ya shafe shekaru yana koyar da Beowulf, waƙar jarumta ta tsohon Turanci mai layi sama da 3,000, har ya gabatar da lacca a kanta a 1936 wadda ta sauya yadda masana ke kallon waƙar. Mutumin da ya yi irin wannan cuɗanya da waƙa, jimlolinsa dole su zo da kari. Ido yakan zarce ya bar karin a baya, amma kunne ba ya barinsa. Wurare da yawa da na ɗauka a da bayanin itatuwa da tsaunuka ne kawai, da na ji su da murya sai na gane an auna su ne don su kwantar da numfashin mai sauraro kafin tashin hankali ya sauka.

Serkis shi ne ya fito a matsayin Gollum, wanda ya daɗe yana riƙe da zoben har zoben ya lalata shi, a fina-finan littafin da Peter Jackson ya yi daga 2001 zuwa 2003. A watan Mayu na 2020, lokacin kullen korona, ya karanta The Hobbit kai tsaye ta intanet na kusan awa 11 don tara kuɗin agaji, bayan nan ne aka naɗi muryarsa a littattafan. Aikinsa ya fi kusa da wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Kowa da muryarsa: Gandalf, dattijon masihirci mai ba Frodo shawara, mai kauri da saurin fushi, Sam, abokin tafiyar Frodo, mai sauƙin kai irin na ɗan ƙauye, Treebeard, dattijon itatuwan nan, yana jan magana har ka ji kamar ba zai kai ƙarshen jimla ba. Inda Gollum ke musu da kansa, wani sashe na zuciyarsa na son cika alkawarin da ya yi wa Frodo, ɗayan na kitsa yadda zai ƙwace zoben, muryoyi biyu ne ke fitowa daga maƙogwaro ɗaya, kuma tausayi ne ya fi kama ni a wurin, ba tsoro ba. Yana kuma rera waƙoƙin da ke cikin littafin. Waɗannan waƙoƙi su ne masu karatu suka fi tsallakewa, alhali a cikinsu tarihin duniyar labarin yake. Mai sauraro ba ya samun damar tsallake su cikin sauƙi, kuma riba ce gare shi.

Wuri ɗaya ya isa ya nuna abin da murya ke yi wa wannan littafi. An kewaye birnin Minas Tirith, an fasa ƙofarsa, shugaban mahayan Sauron ya shigo a kan doki, kowa ya tarwatse sai Gandalf da ya tsaya shi kaɗai a gabansa. Ba wanda ke da sauran fata. Sai zakara ya yi cara can cikin wani gida a birnin, don shi bai san yaƙi ake ba, asuba kawai ya gani. Sai ga amon ƙahonni daga nesa, mahayan Rohan, ƙawayen birnin, sun iso. Serkis ya sassauta murya a kan zakaran, ya ɗan dakata, sannan ya ɗaga ta a kan ƙahonnin. Na san abin da zai faru sarai, duk da haka tsigar jikina sai da ta tashi.

Daga nan zan taɓo ƙarshen labarin, wanda ba ya son a ɓata masa sai ya tsallake sakin layi uku.

Me ke sa babba mai hankalinsa ya ba labarin da ba a taɓa yi ba awa 60? Amsar da na samu ita ce yadda littafin ya auna jarumta. Jarumai na gargajiya suna nan birjik. Aragorn jinin sarauta ne da ya yi shekaru yana yawon daji ba a san shi ba, yana ɗauke da karyayyen takobin kakanninsa, kuma abin da ya sa mutanen birnin suka gane shi ne sarkinsu shi ne yadda ya warkar da masu rauni bayan yaƙi. Éowyn ta ɓad da kama cikin kayan maza ta fita fagen fama, ta kashe abin da mazaje suka guje wa. Amma jarrabawar da ta fi kowace tsanani a littafin ba ta takobi ba ce. Zoben yana yi wa kowa alkawarin ƙarfin da zai gyara duniya da shi, kuma girman mutum shi ne girman haɗarinsa. Frodo ya miƙa wa Gandalf, ya ƙi karɓa, don ya san tausayinsa ne zai zama ƙofar da zoben zai shigo ta ciki. Galadriel ma an miƙa mata, ta hango irin sarauniyar da za ta zama, ta ƙi. Boromir, sadauki mai kishin ƙasarsa, shi ne ya kasa: ya nemi ƙwacewa don ya ceci mutanensa, ya dawo hayyacinsa cikin kuka, ya mutu yana kare abokan tafiyarsa biyu mafi rauni. Littafin bai wulaƙanta shi ba, an yi masa jana'iza ta girma. Wannan adalci ga wanda ya yi kuskure ya tuba yana cikin abubuwan da suka sa na amince da marubucin.

Sai Frodo da Sam, mai kula masa da lambu. Tafiyarsu a ƙasar Mordor ita ce mafi nauyi a kunne: ƙishirwa, toka, dare da rana duk ɗaya. Akwai inda suka ga dole su zubar da duk wani kaya mai nauyi, Sam ya ciro tukwanen girkinsa da ya goyo tun daga gida, ya jefa su cikin wani rami, ƙarar faɗuwarsu ta soki zuciyarsa. Tukwane ne kawai, amma jefar da su na nufin ya haƙura da komawa. Da Frodo ya kasa ɗaga ƙafa a gindin dutsen, Sam ya goya shi ya hau da shi. Kuma a bakin wutar, bayan duk wannan wahala, Frodo ya kasa. Ya ce zoben nasa ne, ya saka a yatsa. Gollum ne ya cije yatsan, ya yi ta tsalle don murna har ya zame ya faɗa wutar da zoben. Da Bilbo, ɗan'uwan Frodo da ya bar masa zoben, ya kashe Gollum tun farko, ko Frodo, ko Sam, lokacin da kowannensu ya samu dama kuma yana da hujja, da duniya ta halaka. Rahamar da aka yi wa wanda bai cancanta ba ita ta ƙarasa abin da ƙarfin zuciya ya gaza. Ban san wani labarin jarumai da ya yi ƙarfin halin kayar da gwarzonsa a taki na ƙarshe, kuma darajarsa ta ƙaru a idon mai sauraro, kamar wannan ba.

Labarin bai tsaya a nan ba, kuma wanda fim kawai ya gani zai sha mamaki. Frodo da Sam da sauran Hobbit biyu na ayarin sun koma gida sun tarar an sare itatuwa, an kafa dokoki da masu gadi, maƙwabta na tsoron juna, sai da suka sake tashi tsaye suka ƙwato garinsu. Frodo kuma bai warke ba. Duk shekara ciwon raunukansa na dawowa, mutanen da ya ceta ba su damu da sanin abin da ya yi ba, daga ƙarshe ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar. Tolkien ya yi yaƙin Somme a Faransa a 1916, inda biyu daga cikin aminansa na makaranta suka mutu. Ya faɗa da kansa cewa ƙananan sojojin da ya sani a wancan yaƙi ne ya zuba a cikin Sam, kuma fadamar matattu da ke cikin labarin ta ɗauko wani abu daga arewacin Faransa bayan Somme. Wanda ya rubuta waɗannan babuka ya ga mutanen da suka dawo daga yaƙi da jikinsu amma ba su dawo duka ba.

Akwai inda littafin ke da nauyi, kuma sauraro na ƙara fito da shi. Farkon yana tafiya a hankali ƙwarai. Shekara 17 ce tsakanin walimar Bilbo da labarin ya buɗe da ita da fitar Frodo daga gida, kuma awanni za su shuɗe ana tafiya cikin gonaki da dazuzzuka kafin a gamu da Aragorn. Babin taron da aka yi a gidan Elrond cike yake da sunayen sarakuna da garuruwa da tsoffin yaƙoƙi, kunne kuma ba ya iya waiwaye kamar yadda ido ke komawa shafin baya. Taswira ma ba ta shiga kunne. Daga kashi na biyu, da ayarin ya rabu, ana bin wasu har rabin littafi sannan a koma baya a ɗauko wasu, wanda bai san inda Rohan take da inda Gondor take ba zai rikice. Turancin kuma yana ƙara tsufa yayin da labarin ke kusantar fadar sarakuna.

Abu biyu kuma sun tsaya mini a rai game da labarin kansa. Mata kaɗan ne, ko da yake waɗanda ke ciki masu nauyi ne. Na biyu ya fi damuna: mutanen kudu masu duhun fata da na gabas kusan kullum a rundunar Sauron ake ganinsu, ba a ba su suna ko murya ba. Akwai wuri ɗaya da marubucin ya tsaya a kan haka. Wani sojan kudu ya faɗo matacce kusa da Sam, Sam ya dube shi yana tambayar kansa mene ne sunansa, daga ina ya fito, shin mugu ne da gaske, ko ƙarya da barazana ne suka rabo shi da gidansa. Wurin ya ratsa ni, amma layuka kaɗan ne a cikin littafi mai shafi sama da dubu, kuma ba su share tambayar ba. Ina son littafin, ina kuma ganin wannan giɓi nasa.

Ga wanda zai saurara, ya nemi taswirar ƙasar labarin ya ajiye a wayarsa, zai buƙace ta daga tsakiyar kashi na farko. Kada ya ƙara saurin muryar a manhaja, don dakatawar Serkis da jan numfashinsa rabin aikin ne, waƙoƙin kuma lalacewa suke yi. Abin sawa a kunne ya fi lasifika, saboda muryar na sauka ƙasa sosai a wuraren raɗa. Babukan taro da na tarihi suna son natsuwa, na tafiya da na yaƙi kuwa ana iya jin su ana wani aikin hannu. Wanda kuma ke shakkar ko zai iya awa 60, ya fara da The Hobbit a muryar Serkis ɗin, wanda ya fito a 2020 kuma bai fi awa 11 ba. Labarin ya fi sauƙi, a nan ne aka tsinci zoben, kuma babin wasan kacici-kacici tsakanin Bilbo da Gollum a cikin kogo zai nuna masa ko wannan murya ta dace da kunnensa.