Na Oxford ko na aljihu?

Ɗan'uwa, tsakanin Oxford Collocations Dictionary (ƙamusun da ke nuna kalmomin Turanci masu tafiya tare) da ɗan ƙamusun Turanci zuwa Hausa na aljihu, ɗauki na Oxford kawai.

"Fast", "quick", "rapid" da "swift" duk sauri ne a wurinmu, amma a bakin Bature kowace da abokan zamanta. Mota mai gudu "fast car" ce, leƙawa a gurguje "quick look", bunƙasar gari "rapid growth", matakin gaggawa na hukuma kuma "swift action". Babu ƙa'idar nahawu da za ta kai ka nan, haka suka saba faɗa kawai. Aikin na Oxford ke nan. Ka buɗe "speed" ya jero maka "gather speed", "at full speed", "breakneck speed". Ka je "pace" ka tarar da "brisk pace", "keep pace" da "at a snail's pace", wato tafiyar hawainiya. Shi kuwa "step" da "take" yake tafiya, "take steps" kamar yadda muke cewa ɗaukar mataki, sai "retrace your steps" ga wanda ya koma ta hanyar da ya biyo.

Nawa bugu na biyu ne, na 2009, kuma ƙanwata ta fi ni cin moriyarsa lokacin da take shirin WAEC. Bayan sallar isha'i takan zaɓi kalma ɗaya ta yi ta gina jimloli da ita, har malaminsu ya tsare ta yana tambayar wa ke rubuta mata insha'i. Tun daga nan littafin ya tare a ɗakinta, ni ke zuwa aro. Sai dai ka sani, ba fassara yake yi ba, na wanda ya riga ya ɗan iya Turanci ne.

Na aljihun na taɓa saye. Yana ba da ma'ana, iyakarsa ke nan.

Ka yi hattara da 'yan jabu. Takarda shara-shara, rubutu dishi-dishi, wani ma shafuka sun yi tsalle. Ka sa a yage ledar a gabanka, ka duba harafin P da S da idonka. Wani mai shagon zai miƙo maka ƙamusun Oxford na yau da kullum ya ce duk ɗaya ne. In babu kalmar "Collocations" a bango, bar masa kayansa.