Agogon Casio HS-80TW a hannun alƙalin gasar nutso: yana aiki, amma ɗaya ba ya isa

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, ga masunta a gulbin Rima, ga kuma wasannin kabanci na Argungu. Sai dai gasar riƙe numfashi irin ta AIDA, ƙungiyar wasan nutso ta duniya wadda aka kafa a 1992, ba a yanke hukuncinta da ido. Agogo ne ke magana, don haka duk mai son yin alƙalanci a wurin ninkaya a nan Sakkwato sai ya fara da shi.

HS-80TW agogon awon lokacin gasa ne, na roba, da igiyar ratayawa a wuya, yana cin batir CR2032, kuma an yi shi ya jure ruwa har mita 50. Wannan juriyar ce dalilin sayensa, domin alƙali a bakin ruwa yake tsayawa, feshi kuwa ba ya ƙarewa. Amma kada a danna maɓallansa yana cikin ruwa, ta nan ruwan ke samun hanya. Maɓallan manya ne, ana jin ƙas ɗinsu ko da yatsa a jiƙe yake, abin da agogon waya ba ya yi.

A gasar kwanciya cikin ruwa ba motsi, ana tada agogo ne lokacin da hanci da baki suka nutse, a tsayar da shi da zarar ɗayansu ya fito. Daƙiƙa biyar maki ɗaya ce. To a nan ne aikin ke rikicewa, don fitowar ɗan wasa ba ita ce ƙarshe ba. Yana da daƙiƙa 15 kacal ya cire tabarau da matsen hanci, ya nuna alamar lafiya da yatsu, sannan ya furta "I'm OK" (wato lafiyata ƙalau), a jere haka, ba a sauya tsari. In ya wuce lokacin, ko bakinsa ya koma cikin ruwa, ko ya suma, ko wani ya taɓa shi don tallafa masa, jan kati ne, wato an soke sakamakonsa. Alƙalin da ya danna tsayarwa ya adana lokacin nutson, amma ya rasa abin ƙirga 15 ɗin. Wanda ya danna maɓallin raba lokaci kuwa, mai nuna lokacin da aka kai ba tare da tsayar da ƙirgen ba, agogonsa na ci gaba da tafiya, sai dai lissafi ya hau kansa: mutum ya fito a 3:47, wa'adinsa 4:02, ga shi dole idonka na kan leɓen ɗan wasan ko ya yi shuɗi, da hannunsa ko yana karkarwa. A irin wannan hali ake kuskure. Mafita ita ce agogo biyu, ɗaya na nutso, ɗaya a tada shi a daidai lokacin fitowa. Na biyun ne kuma zai nuna cikar daƙiƙa 30 da ake jira kafin a ɗaga kati, fari ko rawaya ko ja.

HS-80TW yana da ƙirgen baya, wanda ke da amfani wajen minti biyun da ake sanarwa kafin lokacin farawa.

Abin da bai burge ni ba shi ne awon kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da ake tallata shi da shi. Ado ne kawai. Yatsan mutum ba ya da wannan saurin, sakamakon ma da cikakkiyar daƙiƙa ake rubuta shi, ƙananan lambobin sai cika fuskar agogon suke yi. Haka tsarin alƙalancin ƙwallon ƙafa da ke cikinsa: maɓallin sauya tsari na iya kai ka can bisa kuskure, saboda haka a duba fuskar kafin kowane ɗan wasa ya shiga.

Yanayinmu ma yana da nasa. In aka bar shi a rana lokacin bazara, zafi ya haura digiri 40, fuskar takan yi baƙi har lambobi su ɓace sai ta huce. Ƙurar hunturu kuma tana maƙalewa a gindin maɓallan. A riƙa ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan gasa saboda sinadarin kulorin, a ajiye shi a inuwa. Wajen sauya batir, a tsaya a kan mai gyara ya mayar da zoben robar murfin daidai, in ya lanƙwashe juriyar ruwa ta tafi ke nan. Jabu ma na yawo, don haka a gwada shi da agogon waya na tsawon minti goma kafin a biya.